Ƙwaryar nono da kwamfutar da ba ta son gaggawa

Duk malamin da ya taɓa tsara jadawalin darussa a farkon Oktoba ya san ciwon kai. A nan Dakoro, inda nake koyar da lissafi, sai ka tarar malami ɗaya na riƙe da aji biyar, wani yana zuwa daga nesa, azuzuwa biyu kuma na raba ɗaki guda. Ka gyara Litinin, Alhamis ta ɓaci. Dalilin mai sauƙi ne: idan kana da zaɓi 30 kawai na "e" ko "a'a", hanyoyin haɗa su sun haura miliyan dubu. Ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

Don irin wannan matsala aka yi tunanin wani nau'in kwamfutar kwantam da ake kira adiyabatik. Ni a aji "mai sannu-sannu" nake ce mata. Tushenta wata ƙa'ida ce da Max Born da Vladimir Fock suka tabbatar a 1928, amma sai a 2000 Edward Farhi da abokan aikinsa a Amurka suka nuna yadda za a yi lissafi da ita.

Ku dubi Bafulatana da ta ɗauko ƙwaryar nono daga ruga zuwa kasuwa. Nonon a kwance yake tun daga gida, kuma muddin ba ta yi gaggawa ba, a kwance zai isa, ko da hanyar ta canja daga rairayi zuwa tudu. Haka na'urar take. Ana fara ta da matsala mai sauƙi wadda an san amsarta, ƙwayoyin lissafinta, wato kubit, suna kwance a matakin kuzari mafi ƙasa. Sai a riƙa sauya matsalar a hankali har ta koma mai wuyar. Idan ba a girgiza su ba, inda suka kwanta a ƙarshe shi ne amsa.

Wahalar tana cikin "a hankali" ɗin. Idan nono ya kusa bakin ƙwarya, dole a rage tafiya. A na'urar ma akwai tazara tsakanin matakin ƙasa da na samansa, kuma idan tazarar ta ragu da rabi, lokacin da ake bukata yakan ninka wajen sau huɗu. A wasu matsalolin tazarar kan tsuke har jiran ya zama ba shi da amfani. Masu tallar abin a WhatsApp ba sa faɗin wannan.

Ga kuma sanyi. Na'urorin kamfanin D-Wave na Kanada suna aiki ne dab da digiri 273 ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na sararin samaniya, a cikin akwatin da ke kare su daga girgiza da maganaɗisu. Mu da Afrilu ke kai mu sama da 40, sai dai mu ji labari. Kamfanin ya fitar da mai kubit 128 a 2011, Google da NASA suka karɓi mai 512 a 2013, ta 2020 kuwa ta haura 5000. A 2019 Volkswagen ya gwada ta wajen zaɓa wa motocin bas hanya a Lisbon ta Fotugal. Har yau masana na gardama kan ko ta fi kwamfutar da muka sani sauri a aikin yau da kullum, wasu ma na cewa ba cikakkiyar adiyabatik ba ce, ƴar uwarta ce. Jadawalinmu dai, kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe shi.

Abin da ya sa nake damun iyaye da zancen shi ne, na'urar ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Sai wani ya zauna ya mai da matsalar lambobi: kowane zaɓi ya zama 0 ko 1, kowace ɓarna a sa mata farashi. Ta intanet ake aika mata aiki. Matsaloli kuwa ba mu rasa su ba: layin garke a rijiya lokacin rani, burtalin da zai ratsa tsakanin gonaki ba tare da rikici ba, hanyar motar da ke raba hatsi ƙauyuka. Baƙo ba zai san wace ɓarna ta fi wata ciwo ba. Yaron da ya tashi a gefen Tarka ya sani, in dai bai gudu daga lissafi ba tun kafin ya ga ƙofar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Da yawa kuwa suna gudu ne saboda an ce musu a gida lissafi na masu kai biyu ne.

Bana na ba ɗalibaina aiki: malamai uku, azuzuwa huɗu, kwana biyu, su sa wa kowane karo maki na hukunci. Lissafin bai ɗauke su minti ashirin ba. Sauran lokacin ya tafi a gardama kan wanne ya fi tsada, a bar aji awa guda babu malami ko a sa darasin lissafi da tsakar rana. Ƴan mata suka dage sai an ba tsakar rana maki biyar, aji ba malami uku. Da nasu muka yi aiki.