Atamfar Da Na Kai Wa Inna Birnin Tudu

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin wata tafiya ce da na yi, wadda har yanzu in na tuna ta sai na ji kunya ta lulluɓe ni kamar yanzu abin ya faru. Na daɗe ina shawarar ko in rubuta ko in bari, daga baya na ce gara dai in faɗa, ko wata ta tsira daga abin da ni na faɗa ciki da idona biyu.

A watan Disambar 2024 aka sa bikin 'yar kawuna a Birnin Tudu, garin su Ummana, cikin ƙaramar hukumar Bakura a jihar Zamfara. Umma ba ta jin daɗin ƙafarta, don haka ni aka wakilta. Shekarata takwas rabona da garin, kun ga kuwa dole in je a ga 'yar Kano. Na haɗa ɗan abin da na samu na littafina da abin da Umma ta ƙara min, na ware kuɗin mota zuwa da dawowa, na biya anko, abin da ya rage a hannuna na sutura naira 36,000 ne cif. Umma ta ja min kunne ta ce, "Ko me za ki saya ki fara da zanen Inna. Kin san ba a zuwar mata hannu rabbana." Na ce to.

Ranar Asabar na shiga Kantin Kwari. Wadda ta san Kwari ta san yadda take ɗauke hankali, atamfofi jere tun daga ƙasa har rufi, kowace tana kiranki. Na tsaya shagon wani dattijo, na fara tambayar Super Holland don dai in ji. Da ya faɗi kuɗinta sai da na yi dariya, domin ko na haɗa da kuɗin motata ban kama hanyarta ba. Ita ta asalin a garin Helmond na ƙasar Holan ake buga ta, kamfanin Vlisco da ke aiki tun 1846, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ta zama sai wane da wane. Dattijon ya ciro min wata mai kauri, auduga zalla, ya ce 30,000 zai bar min, kuma in na wanke ta sau ɗari in dawo in ba shi labari. Sannan ya nuna wasu a gefe, masu sheƙi, launinsu har kashe ido yake, turmi 9,000. Har da tambari mai ruwan zinari an manna, an rubuta Holland ɓaro-ɓaro.

Zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, mutumin nan bai cuce ni ba. Cewa ya yi, "Hajiya, kin san dai waɗannan kwafi ne, roba ta fi yawa a ciki. In na tsohuwa ne ki ɗauki waccan." Ni kuwa lissafi nake a zuci: in na sayi ta 30,000, da me zan fita ranar kamu, da me zan fita ranar wuni, me zan sa ranar budar kai? In kuwa na ɗauki na 9,000, turmi huɗu ke nan, uku nawa ɗaya na Inna. Sai wata zuciyar ta ce min, yo tsohuwar ƙauye ina ta san bambanci, ba dai ga tambari nan ba? Wallahi haka na raya. Na biya, na kai wa ƙawata ta ɗinka min ukun bashi.

Ranar Alhamis tun da asuba muka bar Kano, don yanzu ba mai son yamma ta yi masa a wannan hanya. Muka bi ta Gwarzo da Malumfashi muka faɗa Funtuwa. Daga nan hira ta fara raguwa a motar, kowa ya koma jan carbi, saboda 'yan bindigar da suka addabi yankin shekara da shekaru. Muka wuce Tsafe, ga dutsen Kwatarkwashi can ya tokare sama cikin hazo, har muka shiga Gusau lafiya. Bayan mun sauya mota muka bi ta Bunguɗu da Maru, la'asar ba ta yi ba muna Talatar Mafara, inda ɗan kawuna yake jirana.

Abin da ya fara burge ni daga Mafara zuwa Birnin Tudu shi ne kore. Ko'ina mun baro shi ya bushe ƙayau, kara da ƙura, amma nan ga ruwa yana bin magudanai, ga mutane duƙe cikin fadama ana aikin rani. Albarkar madatsar ruwan Bakolori ke nan, wadda aka gama a 1978 a kan kogin Sakkwato can wajen Maradun. Shinkafa, dankali, albasa, tumatir, duk ana yi. Garin kansa bai sauya min sosai ba, sai dai rufin kwano ya ƙaru, ga kuma baƙin fuskoki da yawa, waɗanda aka ce min mutanen ƙauyuka ne da suka baro gidajensu.

Inna na zaune bakin ɗakinta tana gyaran zogale. Tana hango ni ta ɗaga murya, "Lale da kishiya! Mi kinka kawo mani, ko kin zo ƙwace mani miji hannu banza?" Aka yi ta dariya. Bayan na ci tuwon shinkafa na yi sallah, na ciro atamfar cikin ledarta na miƙa mata da hannu biyu, har ina wani cewa, "Inna ga 'yar Holan." Kaico!

Ba ta ko kalli tambarin ba. Ta zare ta daga leda, ta kama gefe da yatsu biyu ta murza, ta juya bayan zanen ta duba, ta kai hanci ta sunsuna. Duka bai fi ƙiftawa da bismilla ba. Sai ta ɗago ta dube ni, kallon da ba zan manta da shi ba, ba na fushi ba, irin na wanda ya gane ya kuma yafe. Ta ce, "Allah shi yi maki albarka, ta yi kyau ƙwarai." Ta ninke ta sa ƙarƙashin filo. Da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Da dare muna kwance ta ce in jawo mata akwatinta na ƙarfe. Ta buɗe, ƙamshin turaren wuta da kanumfari ya tashi. Zannuwa ne ba su fi bakwai ba, kowanne da labarinsa, don ita Inna ba da kalanda take ƙirga shekaru ba, da zane take ƙirgawa. Ta ciro wani shuɗi mai zanen ganye, ya yi laushi kamar fatar jariri, launin ya ɗan kwanta amma bai gudu ba, ko huda ɗaya babu. Ta ce marigayi kakana ya saya mata da kuɗin auduga lokacin sunan Umma. 'Yar Kaduna ce, ba Holan ba, don shi ma ba mai kuɗi ba ne, sai da ya yi kaka biyu yana tarawa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Da shi na goye uwakki ranad da munka gudu."

Ni a makaranta ban taɓa jin wannan labari ba. Ashe lokacin aikin madatsar an karɓe gonakin mutane, diyya ta zo da gardama, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe mutane da dama, kuma Birnin Tudu na cikin inda abin ya fi muni. Inna ta ce da zanen nan ta ɗaure Umma tamau ta shiga daji, kwana biyu yana jikinta, ƙaya ta ja shi, bai yage ba. Ban iya cewa komai ba. Ina riƙe da zane mai shekara arba'in da biyar, ga tawa atamfar can ƙarƙashin filo tana ƙarar leda.

Abin da ya ƙara dame ni daga baya, irin wannan atamfa ta tsaka-tsaki, wadda talaka zai daure ya saya ta kuma yi masa ƙarko, ita ce ta yi wuya yanzu. A da audugar wannan yanki ake gurzawa a Gusau a kai masaƙu. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, ta Gusau ma ta daɗe da yin shiru. Sai kasuwa ta cika da na waje, mafi yawa daga Sin, wasu masu kyau, wasu kuwa sitaci ne da fenti.

Ranar wuni ina ɗaki ina shafa hoda sai na ji guɗa. Ina leƙowa na ga Inna ta fito ɗaure da atamfata, ta yafa ragowar, tana bin mata ɗaya bayan ɗaya tana cewa kishiyarta ta kawo mata daga Kano. Ga zannuwanta na kirki a akwati, amma ta zaɓi ta rufa min asiri a gaban dangi. Na ga wasu tsofaffi sun taɓa gefen zanen sun dubi juna. Na koma ɗaki na yi kukana, na sake hoda.

Nawa kayan ma ba su bar ni ba. Da yake hunturu ne, siket ɗin sai manne min yake a ƙafa yana tartsatsi. Da rana kuma zafi kamar an sa ni a buhu. Na je taya su Gwaggo kwashe tuwo, wani ɗan garwashi ya yi tsalle ya sauka a kan zanena, kafin in ankara wurin ya narke ya yi rami, har ya ɗan ƙona ni. Gwaggo ta ja ni baya da sauri ta ce kada in ƙara matsowa kusa da murhu da wannan kaya. Don Allah 'yan mata ku riƙe wannan ko da kun manta sauran: auduga in ta kama wuta toka take zama, roba kuwa narkewa take ta liƙe a fata. Washegari na jiƙa ja ɗin a bahon wanki, ruwan ya koma kamar zoɓo, ya kuma ɓata min farin mayafina da na yi gangancin haɗawa.

Ranar Talata Gwaggo ta ja ni kasuwar Mafara, wadda daga ranar cinta garin ya samo sunansa. Muka ratsa 'yan dankali da 'yan shinkafa muka isa layin 'yan atamfa, nan ta zaunar da ni ta yi min karatu. Ta ce in duba ciki da baya, mai kyau kusan ɗaya suke, ta banza bayanta fari-fari ne. In murza gefe, in ya saki gari ya yi sharara, sitaci ne ya ba ta kaurin. In jiƙa farin ƙyalle in goga. In mai kaya ya yarda, in zare zare ɗaya in kusanta shi da ashana. Ta ce tambari kuwa ko a jikin buhu ana iya manna shi.

Muna nan wata mata ta zo da goyo, ta daɗe tana taya rabin turmi na mafi arha, tana kwance bakin zane tana ƙirga canji. Na matsa zan ce mata kada ta saya zuba take, Gwaggo ta take min ƙafa. Da muka yi gaba ta ce matar daga ƙauyukan da aka tasa take, da zanen jikinta kaɗai ta fito, in ta wanke shi sai ta zauna ɗaki ya bushe. Wadda ke wannan hali za a ce wa ta jira ta tara? Ta ce ko anko ma da gangan suka zaɓi mai arha don kowa ya samu shiga, na kwana ɗaya ne, ba wanda ya ce a kai shi akwati.

Nan na gane ba arhar ce laifina ba. Matar nan ba ta da zaɓi, ni ina da shi. Ina da kaya masu kyau a Kano da ba wanda ya taɓa gani a Birnin Tudu, da na wanke su na goge da sun ishe ni bikin. Ana cewa arha ba ta ado, to ni har adon ta yi min, na wuni uku. Da na dawo gida na zauna na yi lissafi: turmi ukun nan, ɗaya ya ƙone, ɗaya ya koɗe a wanki na biyu, na ukun ne kaɗai nake ɗaurawa in yi shara, ga bashin ɗinki ina biya. Naira 27,000 ke nan da ɗoriya, saura kaɗan su kai kuɗin waccan da dattijo ya ce in wanke sau ɗari.

Ban faɗa wa Umma ba sai da muka yi sati. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Inna ce za ki yi wa haka? Matar da ta yi kaɗi da hannunta?" Na shiga adashin unguwarmu, kwasata ta zo a watan Maris, na koma shagon dattijon nan. Atamfar ta ƙara kuɗi, na cika ban yi ciniki ba. Na ba wani direban Mafara da Kawu ya sani ya kai.

Kwana biyu Gwaggo ta kira ni tana dariya har da tari. Ta ce saƙo ya iso, amma Inna ba ta yarda ta yi godiya ba sai da ta aiki yaro ya kawo mata ashana, ta zare zare ɗaya ta ƙona, ta murza tokar a tafin hannu. Sannan ta karɓi wayar ta ce, "Ke kishiya, wagga kam atamhwa ta. Na bar maki mijin kwana biyu."