Karen Gadi da Allurar Rigakafi

Likitan dabbobi a Arewa ya saba da shanu da tumaki da kaji, domin su ne dukiya. Kare kuwa ba kasafai ake kai masa ba, alhali shi ke kwana a ƙofar gida yana gadi, shi ke bin mafarauta daji, shi yara ke jifa a lungu har ya juyo ya kai cizo. A ganina, cikin duk ayyukan asibitin dabbobi, allurar rigakafin haukan kare ce ta fi kusa da ran ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Da zarar alamu sun bayyana, mara lafiya ya fara tsoron ruwa, da wuya ya tashi.

Wani zai ce mutum bai samu magani ba, ina batun kare? Tambayar tana da nauyi, amma allurar kare ɗaya ta fi sauƙi ƙwarai a kan jerin alluran da wanda aka ciza zai nema, wani lokaci sai an tafi birni. Cibiyar bincike ta Vom a Jihar Filato ta daɗe tana haɗa rigakafin karnuka, kuma masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, yaɗuwar cutar takan katse. Shari'a ta halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma wanda ya ajiye shi haƙƙin maƙwabta yana wuyansa, musamman yaransu.