Kama Da Wane Ba Ta Wane

Ɗalibin da ya san Turanci kafin ya fara Faransanci yakan yi murna ranar da ya gamu da kalmar "passer". Sai ya ce ai wannan 'yar gida ce, "pass" ke nan. Da gaskiyarsa ta wani gefen, domin Turanci ya aro ta ne daga tsohon Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Amma tun daga lokacin kowace ta kama hanyarta.

Na daɗe ina duba takardun 'yan aji uku, kuma ban san kalmar da ta sha jan biro kamar wannan ba. Akwai inda harsunan biyu suka yi daidai. "Le train passe" jirgi ne ke wucewa, "passe-moi le sel" kuwa miƙo mini gishiri. A nan "pass" ta isa. Amma wanda ya ce "j'ai passé la nuit à Maradi", kwana ya yi a Maraɗi, kuma "spend" Bature ya fi faɗa. "Passer chez quelqu'un" biyawa ce ta gidan mutum, wato "drop in". In aka sa mata "se", sai ta koma "happen": "qu'est-ce qui se passe?" na nufin me ke faruwa? A ƙara "de" kuma, "se passer de", ma'ana ta zama "do without", haƙura da abu ke nan.

Babban ramin yana wajen jarrabawa. "Passer un examen" zama ne a rubuta jarrabawa, "sit" ko "take", ko an ci ko an faɗi. Cin jarrabawa "réussir" ne. Saboda haka in abokinka na Damagaram ko Garwa ya rubuto maka cewa "j'ai passé le bac", kada ka yi saurin aika masa barka. Yana nan yana jiran sakamako, gabansa na faɗuwa. Addu'arka yake bukata tukuna.

Bai kamata wannan ya ba mai jin Hausa mamaki ba. Dubi kalmarmu "ci". Muna cin tuwo, mu ci kasuwa, mu ci bashi, mu ci jarrabawa, wani kuma ya ci amana. Baƙon da ya riƙe "eat" kaɗai zai zaci kasuwar Kurmi muke taunawa. Mu kuwa kalmar da ta biyo baya muke saurara kafin mu gane.

To, ɗalibai, ku yi wa Faransanci irin wannan adalci. In kun buɗe ƙamus, kada ku tsaya a layin farko. Ku karanta misalan har ƙasa, ku duba kalmomin da ke maƙwabtaka da ita a jimla, sannan ku zaɓa. 'Yan ajin ƙarshe kuwa, dukanku za ku "passer". Fatanmu a ɗakin malamai shi ne ku "réussir". Allah ya ba da sa'a.