Katako ba ya son gaggawa

A bayan kasuwar Birnin Ƙonni akwai wani tsohon kafinta da ba ya taɓa katako ranar da aka sauke shi. Daga kurmin kudancin Najeriya katakon yake tasowa, ya biyo ta Sakkwato da Illela, ya ƙetaro iyaka da sauran ruwansa a jiki.

Tsohon yakan ɗora katakon bisa bulo a ƙarƙashin rumfa, ya gitta ƴan sanduna tsakanin kowane biyu domin iska ta ratsa, ya shafe bakunansu da fenti, sa'an nan ya danne da duwatsu. Dalili kuwa, in rana ta bugi ɗanyen ice, bayansa kan bushe ya tsuke tun cikinsa na jiƙe, sai ya tsage ko ya lanƙwashe. A Turai, masu aikin icen da Faransawa ke kira «if», wanda Ingilishi suka yi baka da shi a da, sukan ba katako mai kaurin santimita biyu da rabi shekara guda. A nan hunturu yana rage jiran zuwa watanni, amma zafin hannunsa ke jawo ɓarna.

A kakar 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, aiki ya yi wuya. Sai ga wani Alhaji mai fataucin albasar Galmi, yana son gado da kabad na auren ɗiyarsa cikin sati uku. Busasshen katako ya ƙare, sabo kuwa bai kwana goma a rumfa ba.

«Alhaji, ka yi haƙuri, wannan bai isa aiki ba. Kai ma ba ka zuba ɗanyar albasa a rudu.»

Alhaji ya kwashe kuɗinsa ya kai wani wuri. Yaran shago suka yi ta gunaguni, domin watan nan da ƙyar aka biya haya.

Kafin hunturu ya fita, ƙofar kabad ta buɗe baki har yatsa na shiga, a ɗakin amarya, a idon dangin miji. Alhaji ya dawo bai ɗaga zancen ba, tsoho ma bai tambaya ba. Katako ya saya na ƙaramar ɗiyarsa, wadda ko baiko ba a yi mata ba. Tsoho ya rubuta kwanan wata da alli a gefe, ya jera shi a inuwa.