Kafin a Ce Injin Wanki Ya Mutu

Tsufa yana koya wa mutum ya yi jinkiri wajen cewa abu ya mutu. Injin wanki ya ƙi tashi, mai gyara ya leƙa ya ce fanel ɗin ya ƙone, sai a sayi sabo. Sau da yawa kuwa abin da ya lalace a kan wannan allo bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba. Wani lokaci kafasita ce ta gaji da zafi, kanta ya kumbura, ruwan cikinta ya ɗiga ya bushe. Wani lokaci rile mai kunna hitar ruwa ne bakinsa ya ci wuta. Wani lokaci dalmar da ke riƙe ƙafar wani abu ce ta tsage saboda jijjigar matse kaya, tsagar da sai an kawo fitila kusa ake ganinta kamar silin gashi. Mai haƙuri da mita a hannu zai gano mai laifin, ya narke dalma ya cire shi, ya dasa wani, sauran allon yana nan garau.

Amma canza abin da ya ƙone rabin aiki ne. Wutar gida ya kamata ta tsaya wajen bolt 230, ga shi tamu tana hawa tana sauka, ga janareta, ga laima, ga kyankyasai masu son ɗumin allo. In tirayak mai sarrafa gudun motar injin ya fashe, a fara duba motar da wayoyinta, domin in can cutar take, sabon ma ba zai kwana ba. Gyaran kirki yana tambayar dalili, kuma yana ƙarewa da shawarar a sa sitabilaiza, a ɗaga injin daga inda ruwa ke kwanciya.

Wasu za su ce sabon allo ya fi ba da kwanciyar hankali, kuma lokacin mai gyara kuɗi ne. Akwai gaskiya a ciki. Allon da aka malale da danƙo don kare shi daga ruwa yana da wuyar tonawa, wanda kuma ƙwaƙwalwarsa ta ƙone ba shi da magani sai sauyi. Akwai haɗari ma, domin babbar kafasita tana iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare soket, saboda haka wannan ba aikin koyo da ka ba ne. Sai dai duk wannan hujja ce ta neman gwani, bai zama izinin zubar da abin da ba a auna ba. Da yawa daga injinanmu ma na gwanjo ne, allon da ya dace da su sai an sha yawo a kasuwar Alaba ko ta Sabon Gari.

Duniya ta fara gane haka. Tun 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni ajiye kayan gyaran injin wanki, har da allunan, na shekara 10. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an zubar da sharar lantarki tan miliyan 62, wadda aka sake sarrafawa a hukumance ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. In masu ƙera injin sun koma ga gyara, mu da muke saye da gumin goshi mun fi su dalili. Iyaye su tura yara koyon karatun allo da awo, mai inji kuma ya riƙa cewa a nuna masa abin da ya ƙone kafin ya biya kuɗin sabo.