Kafin Ka Taɓa Kwamfutocin Shago

Liman Abaji, Keffi.

Ɗana Abba,



Na samu saƙonka cewa idan ka zo hutu za ka ɗora wa kwamfutocin shago Windows 11. Na amince, don hujjarka ta kama hankali. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, ke nan duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga ranar ba mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma na ɗan lokaci ne. Ban manta da watan Mayun 2017 ba, da ƙwayar WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali an fitar da rigakafinta tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta na'urorinsu ba. Mu kuwa kullum ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa suna soka mana filas wanda Allah kaɗai ya san inda ya kwana.

Sai dai ina da sharuɗɗa.

Kada ka danna komai sai ka kwashe duk fayilolin da ke ciki ka adana a wani wuri. Akwai kundin kammala karatun ɗalibai, akwai takardun cinikin filaye, akwai rabon gadon da muka buga wa mutanen unguwa. Amana ce, kuma in ta salwanta ni za a nuna da yatsa a masallaci, kai kana makaranta. Ka cika janareta da mai tun kafin ka fara, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Sabuwar manhajar tana da zaɓe. Tana son abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0, da ram aƙalla giga 4, da ma'ajiya giga 64, in kuma injin Intel ne, daga zubi na takwas zuwa sama. Biyun da muka sayo a Abuja ina jin za su wuce. Tsohuwar da ke lungu ba za ta wuce ba, kuma na san ku yaran yanzu kuna da dabarar tsallake wannan shinge. Ban yarda ba. Shi kansa kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan na'ura ba, to mene ne ribar ɗora wa jaki kayan raƙumi? Ka cire ta daga intanet, a bar ta da buga rubutu.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an gama. Kai da ka ga sabon allo ya haska, a wurinka aiki ya ƙare, mu kuwa da za mu wuni a kai, lokacin namu zai fara. Windows 11 ta tattara maɓallan ƙasa ta kai tsakiya; ka maido mini da su hagu inda hannuna ya saba, ka kuma ƙara girman rubutu don idona ba kamar da ba. Ka saka allon rubutun Hausa. Yana nan cikin saitin harshe, kuma da shi muke fitar da ɓ da ɗ da ƙ a katin biki da littattafan malamai. Ba zan koma zamanin da muke bin takarda da biro muna lanƙwasa haruffa ba.

Data kuma da kuɗi muke saye. Ka nuna wa kwamfutar cewa intanet ɗinmu mai awo ne, don kada ta riƙa sauke manyan kaya gaban kanta. Idan ta kulle ma'ajiya da BitLocker, ka rubuta mini lambar buɗewar a takarda in sa a durowa. Firintarmu ta kwana biyu, ka tabbatar sabuwar manhajar ta gane ta kafin ka ce ka gama.

Ana ba da kwana 10 na komawa tsohuwar manhaja in sabuwar ta ƙi, muddin ba a goge tsoffin fayilolinta ba. Don haka ka fara da kwamfuta ɗaya a farkon hutu, kada ka bari sai daren komawarka. Ka zaunar da ƙanwarka Hafsatu kusa da kai tana kallo, tunda ita ce ke riƙe shagon idan na fita.

Allah ya yi maka albarka, ya kawo ka lafiya.

Mahaifinka.