Kakuri, Unguwar Da Jiniya Ta Yi Shiru

Matafiyin da ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ba da jimawa ba zai iso Kakuri. Abin da zai fara gani shi ne dogayen katangu da rufin kwano mai tsatsa, ciyawa kuwa ta tsiro a bakin ƙofofi. A nan ne masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki cikin 1957, zamanin Sardauna, daga baya Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya.

A wancan lokaci da asuba jiniya ke tashin unguwar, ma'aikata su yi ta kwarara bisa kekuna. Da yawansu gona suka baro. Mutumin da a ƙauye nomansa bai wuce cin gidansa ba, da ya tsaya gaban inji sai ya fid da yadin da masaƙin gargajiya zai yi makonni bai gama ba. Ƙarfinsa yana nan yadda yake, kayan aikinsa ne suka sake. Albashinsa kuwa ya rayar da mai tuwo da tela da mai gidan haya.

Amma daga 1986 darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, ga ƙarancin wutar lantarki, ga atamfar fasa-ƙwauri. Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, UNTL ta tsaya cikin 2007.

Waɗanda aka sallama ba su sami wata masana'anta ba. Wasu suka kama gadi, wasu haya da babur, wasu suka kafa teburin tireda. Tun safe har dare suna fama, amma abin da gumin yini yake haifarwa bai kai na sa'a guda a gaban inji ba.